Garin da Ake Aske Lanƙwasa

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tsohuwar kwamfutata ce ta ja ni cikinsa. Amma bari in fara da abin da ya faru kafin in kwanta, don kada ku ce tuwon dare ne ya yi mini nauyi.

Sunana Ɗalhatu Baƙo, tsohon malamin Hausa a Malumfashi. Ku dubi sunan da kyau, baƙaƙe biyu masu lanƙwasa gare shi. A banki ni Dalhatu Bako ne. A katin shaida ma haka, a wayoyin 'ya'yan da na haifa ma haka. Abu ɗaya ne a duniyar nan yake rubuta sunana daidai, shi ne kwamfutar da ke kan tebur a ɗakina, wadda nake kira Dattijuwa.

Dattijuwa ta tsufa, ba na musu. In na kunna ta da safe sai in je in yi wanka, in karya, in dawo in tarar tana miƙa. Ga tari, wanda fankar cikinta ke yi. Amma da ita nake buga wa makarantun unguwa tambayoyin jarrabawa, da ita nake buga katin biki, kuma ba ta taɓa mayar mini da ƙasa kasa ba. Wannan aikin matata ne, marigayiya Lantana, wadda ta daɗe tana buga tafireta a ofis tun kafin kwamfuta ta zo gari. Ita ce ta lura akwai baƙaƙe a cikin maɓallan da Hausa ba ta ba su aikin komai ba. Ta zaɓi uku, q da x da v, ta yi wata dabara da har yau ban san kanta ba, ta raba musu aiki. In ka danna q sai ƙ ta fito, x ta ba ka ɗ, v ta ba ka ɓ. Ta manna musu filasta ta rubuta da biro. Filastar ta daɗe da saɓulewa, Lantana ta riga mu gidan gaskiya, amma baƙaƙen nan uku suna nan suna yin aikin da ta sa su. Duk gidan nan, shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya gyara wanda har yanzu yake motsi.

To jiya bayan la'asar sai ga Rumasa'u, matar babban ɗana Nafi'u. Ba ta daɗe da shigowa gidan ba, ba ta riski Lantana ba, kuma kwamfuta ce sana'arta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta saurari tarin Dattijuwa na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Baba, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, masu ita ma sun daina kula ta. In ba a sabunta ba, wata rana za ta kwanta ta ƙi tashi."

Na ce, "To 'yar nan, yi abin da kika ga ya dace."

Ta jona ta da batirin sola don kada wuta ta yi mana halinta, ta danna nan ta danna can. Wani ɗan zobe ya fito a fuskar Dattijuwa yana juyawa, ƙarƙashinsa an rubuta kada a kashe. Rumasa'u ta ce wannan sai da safe, ta fita. Sai da ta fita na tuna da baƙaƙen Lantana. Idan sabuwar manhaja ta share su fa? Ni ban san yadda ake mayarwa ba, wadda ta sani kuma ba a aika mata saƙo. Na yi niyyar kiran yarinyar, kunya ta hana ni. Ina ni ina tsayawa a ƙofar ɗakin suruka a kan maganar q? Haka na kwanta, zoben yana ta juyawa.

Sai ga ni a kan wata doguwar hanya da rana tsaka, ina jan Dattijuwa da linzaminta. Ƙafafun tebur ne ƙafafunta, tana tafe tana tari. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama, kowa ya kife lemarsa ya tara a ƙarƙashin haɓa don kada ya shiga hanci. Ban yi mamaki ba, na dai ji haushin ban zo da tawa ba.

"Malam, a hankali," in ji Dattijuwa. "Ni ba ta yanzu ba ce."

"Sannu ba ta hana zuwa," na ce da ita.

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Wannan kuwa ka san na iya."

Muka iso wata ƙofar gari, an gina ofis a cikinta. Akuya ce a kan kujera, sanye da tabarau, tana tauna gefen wani fayil cikin natsuwar ma'aikacin da ya kusa ritaya. Ta dubi Dattijuwa ta saman tabarau.

"Sabuntawa?"

"Sabuntawa, ranki ya daɗe."

Ta jawo kan wani farin ƙyalle daga aljihun tebur, ta yi ta ja, ta yi ta ja, har ya cika ofis ya fita ta taga. Rubutu ne a jikinsa, baƙaƙensa sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta.

"Ka yarda?"

"Da me?"

"Sai ka yarda ake gaya maka."

"In na ce ban yarda ba fa?"

"Sai mu sake tambayarka gobe," in ji ta, ta ci gaba da tauna.

Na ce na yarda. Ta buga kofato a kan ƙyallen ta nuna mana wata rumfa a gefe.

Wanzami ne a rumfar, wani tsohon bunsuru mai gemu har ƙirji, yana wasa askarsa a ƙahonsa. Ya ce da Dattijuwa ta buɗe baki. Ta turo ɗan farantin nan da ake sa faifai, sai baƙaƙe suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna yin layi, kamar 'yan firamare a taron safe. Bunsuru ya bi layin yana shafa kan kowa. Da ya zo kan ƙ sai ya kama lanƙwasarta ya yi mata aski ɗaya, ta koma k. Ya yi wa ɗ haka, ya yi wa ɓ haka. Ya jefa lanƙwasoshin a wani kwando da ya riga ya cika da irinsu.

Na ce, "Haba maigida, me suka yi maka?"

"Sabon gari ne," in ji shi. "Ba a shiga da abin da zai maƙale wa mutane a riga."

A ƙarshen layin akwai wasu mutum uku da manyan huluna har kunne. Ɗaya mai tumbi ne da 'yar wutsiya, ɗaya ya harɗe hannuwa da ƙafafu, na ukun ya ɗaga hannuwansa biyu sama kamar an ce masa ya tuba. Na ji kamar na san su, amma na kasa tuna inda. Bunsuru bai ko taɓa hulunansu ba.

"Waɗannan ba 'yan ƙasa ba ne, ba su da aikin yi," in ji shi. "Ku wuce, ku ba mutane wuri."

Suka wuce sumui-sumui. Sannan ya juyo kaina ya ce in fito da harshe. Na fito da shi. Ba zafi, sanyin aska kawai na ji, sai na ga ya jefa wasu abubuwa uku a kwando.

Garin yana da kyau, ba zan ci amanarsa ba. Komai sumul, komai yana walƙiya, kowa yana sauri. Babu rana a sama, zoben nan ne yake juyawa a madadinta, kuma an ce mu jira har ya tsaya. A dandali wani ƙaton kada yana kwance, an rataya masa allo a wuya mai cewa kada a kashe.

Na tambaye shi, "Me aka ce kada a kashe?"

"Ni ma ban sani ba," in ji shi. "Ni dai makadi ne. An ce mini in kada, sai na ga na zama haka."

Na so in ce masa ai kaɗa ake nufi, sai na ji bakina ya ce kada. Na sake gwadawa, kada dai ya fito. Ya gyaɗa kai ya ce, "Na'am."

Nan na fara gane inda na kawo kaina. A garin nan, in kalma ta rasa lanƙwasarta, abin da take nufi ma binta yake yi.

Dattijuwa ta yi tari, na sunkuya na hure mata ƙurar da ke bayanta, yadda na saba yi duk Juma'a. Sai ga 'yan ƙananan kuraye suna zubowa daga cikin fanka, kowace ba ta wuce girman gyaɗa ba. Suka gaishe ni cikin ladabi, suka yi dariya kaɗan, suka bi lungu. Na dubi ƙarƙashin ƙafata, na ga abin da muke takawa yana numfashi, ga zane-zane a jikinsa. Kasa ce, macijiyar nan mai barcin tsiya, ta shimfiɗu tun daga ƙofar gari har inda ido ya tsaya. Wata mata ta wuce ni tana sanɗa, ta ce, "Taka a hankali, Malam, kasarmu ce, ba mu da wata."

Yunwa ta kama ni. Na tsaya wurin mai koko na ce ta zuba mini. Ta ɗebo da ludayi ta zuba a cikin ƙoƙo, to amma ƙoƙon ma koko ne, sai duka biyun suka bi ta tsakanin yatsuna. Ta tambaye ni ko ta ƙara mini. Na ce Allah ya amfana.

Sai ga mu a gidana, ko da yake ban san yadda gidana ya zo garin ba. An ce na yi baƙi. Na leƙa zaure na tarar da bakuna zalla jere a kan tabarma, ba kai ba ƙafa, suna jiran a kawo abinci. A gaskiya wannan ne kaɗai bai ba ni mamaki ba, don na sha yin irin waɗannan baƙin tun ina farke.

Muka koma dandali. Zoben sama ya rage gudu, sai Dattijuwa ta tsaya cak. Tarin ya ɗauke. Fuskarta ta yi wani haske da ban taɓa gani ba, ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta yi magana da wata sabuwar murya mai santsi.

"Barka da zuwa. Wane ne kai?"

"Ni ne mana," na ce. "Haba Dattijuwa."

"Fadi sunanka."

Na tattara ƙarfina duka na ce, "Dalhatu Bako."

Ta duba a cikinta. "Akwai masu wannan suna da yawa," in ji ta. "Amma mai ni ba ya cikinsu. Nasa sunan yana da wasu abubuwa biyu a kai. Na manta ko mene ne."

Na sake faɗa, na murɗa harshe, na dafe maƙogwaro, Dalhatu Bako dai yake fitowa. Wallahi tun rasuwar Lantana ban ji maraici irin na wannan lokacin ba. Na zauna a kan bayan kasa, linzami a hannuna, hawaye suka zubo. Su ma sama suka yi, suka bi ruwa.

Ina nan zaune sai na ji wata ƙara daga bayan dandali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan ƙararrawa ƙil. Ko a cikin kasuwa na san wannan bugun. Na tashi na ja Dattijuwa, ta biyo ni tana cewa ita ba ta bin wanda ba ta sani ba.

Lantana ce zaune a ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa, tafireta a kan cinyarta, ɗankwalinta ya zame baya kamar kullum in aiki ya kama ta. Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layi.

"Malam, ka rame," in ji ta. "Ba ka cin abincin rana, na sani."

Duk garin nan ita kaɗai ce bakinta bai ga aska ba. Na buɗe baki in gaya mata abin da ke raina, amma duk kalmar da na ɗauko sai in tarar an aske ta. Na so in ce kayanta suna nan a ɗaka yadda ta bar su, sai na ji ina maganar daka. Na so in ce baƙin ciki ya yi mini yawa, sai maganar ta koma ta baki da ciki. Ta sa gefen mayafi ta rufe baki tana dariya.

"Malamin Hausa guda," in ji ta. "Ina ɗalibanka su zo su ji."

Na nuna mata Dattijuwa, na nuna harshena, na nuna hanyar rumfar wanzami.

"Na gani," in ji ta. "Kai dai har yanzu ba ka san ni ba. Wa ya gaya maka ana ajiye iri a rumbun da kowa ya sani?"

Ta tafa hannu. Sai ga mutanen nan uku masu manyan huluna sun fito daga bayan ɗorawa, mai tumbi da mai harɗe ƙafa da mai hannu a sama. Suka durƙusa a gabanta. Sai a lokacin na gane su, q ne da x da v.

"Ku tuɓe," in ji ta.

Suka cire huluna. A tsakiyar kan kowane akwai lanƙwasa guda, an manne ta da tsohuwar filasta, har da shuɗin biro a jiki.

Mai tumbin ya dube ni ya ce, "Malam, mu zaman kashe wando muke yi a gefen maɓallai, ba mai ko kallonmu, har baiwar Allahn nan ta ba mu aiki. Wanda ya ba ka aiki ya ba ka mutunci. Don bunsuru ya wasa aska ba za mu zubar da amanarta ba."

"Kuma ba wanda yake binciken hular marar aikin yi," in ji mai harɗe ƙafa.

Na ukun kuwa, hannuwansa dai suna sama.

Suka bi ta ɗan farantin faifai suka koma cikin Dattijuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta yi wani ɗan tari guda, irin nata na da. Sannan ta juyo ta dube ni, har yanzu da sabon hasken a fuskarta, amma muryar tata ce.

"Ɗalhatu Baƙo," in ji ta. "Ina ka shiga tun ɗazu? Ka bar ni da baƙin mutane."

Ban san lokacin da na rungume ta ba, da teburin da komai. Na tuna duk safiyar da na zage ta a kan jinkiri, da duk ranar da na buga mata tafin hannu a gefe, ita kuwa ba ta taɓa ɓatar mini da ko baƙi ɗaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, masu iya magana ba su yi ƙarya ba.

Na juya wurin Lantana. Harshena yana nan a aske, don nawa lanƙwasoshin suna kwandon bunsuru. Na yi ta lalube a cikin kaina ina neman abin da zan iya faɗa mata wanda ba zai lalace a hanya ba. Da ƙyar na samu guda.

"Na gode," na ce.

Ya fita daidai, ba abin da ya ragu a jikinsa. Na sake cewa, "Lantana, na gode."

Ta gyara takarda a tafireta. "Ka ga ita wannan ba ta da lanƙwasa," in ji ta. "Ko'ina aka kai ta tana aiki."

Zoben sama ya tsaya. Kasa ta koma ƙasa, na ji taurinta a tafin ƙafata. Daga dandali na jiyo kiɗa, da alama kada ya samu kansa.

"An ce an kawo wa yaron nan mata," in ji Lantana. Ko a can ba ta kama sunan ɗan fari.

Na gyaɗa kai.

"Tana da hankali?"

"Sosai. Ita ce ta turo mu nan, don tana tsoron Dattijuwa ta mutu mini."

"To ka gaishe ta." Sai ta ɗaga hannu. "A'a, bari. Kai kunya za ta hana ka. Ni zan gaishe ta da kaina."

Ta sa yatsa a kan maɓalli ɗaya can gefen hagu, ta fara bugawa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Na buɗe ido. Ashe bayan na dawo daga masallaci barci ya sake ɗauke ni a kan kujera, har rana ta shigo ta taga. Ƙarar tana nan, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Rumasa'u ce a gaban tebur, ta sunkuya tana danna maɓalli ɗaya, goshinta a tattare. Fuskar Dattijuwa tana haske, tarin ma ya yi sauƙi. Da ta ga na motsa sai ta durƙusa.

"Ina kwana, Baba. Komai ya hau lafiya, har ta fi da sauri. Matsala ɗaya ce kawai ta ƙi tafiya. In na danna q sai wata k mai ƙugiya ta fito. Tsohon saiti ne ya biyo ta, amma yanzu zan goge shi."

Na miƙe da saurin da gwiwoyina suka manta da shi. A kan farin shafin ga su nan jere, ƙƙƙƙƙ, kowace da lanƙwasarta a kai.

"Kar ki taɓa, 'yar nan," na ce. "Ba lalacewa ba ce. Surukarki ce take gaishe ki."